Tambaya da Amsa: Fam ɗin Ingila da Dalar Amurka, wa ke gaba da wani?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun taru a kan abu ɗaya, maganar fam da dala, sai na ga gara in haɗa su wuri guda tunda amsar wannan tana shiga cikin ta wancan. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan a layi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai akwai abun da ya daɗe yana ɗaure min kai, kullum ana cewa Amurka ta fi kowa arziki a duniya amma in ka duba canji sai kaga fam ɗaya ya fi dala ɗaya, kuma tun ina yaro haka nake ji. Shin Ingila ta fi Amurka kuɗi ne a ɓoye ko dai wata dabara ce ta turawan Ingila? Wlh mun yi musu da abokina har mun kusa ɓatawa.

AMSA: To ɗan'uwa, da farko dai ku shirya kai da abokin naka, dan wannan musun ba ku kaɗai ya taɓa haɗawa ba, kuma tambayar taka tana da kyau. Ingila ba ta fi Amurka arziki ba, ko kusa ma ba ta yi ba, tattalin arzikin Amurka ya ninka na Birtaniya fiye da sau bakwai, kuma tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 Amurka ta sha gabanta. Abin da ke ruɗa mutane shi ne suna ɗaukar lambar canji a matsayin makin jarabawa, wai wanda kuɗinsa ya fi tsada shi ya zo na ɗaya. Ai mil ɗaya ya fi kilomita ɗaya tsawo, amma wannan bai sa ƙasar da ke awo da mil ta fi kowa dogayen hanyoyi ba, ma'aunin ne kawai aka yanka da girma tun farko. Ka duba Japan, dala ɗaya tana sayen yen sama da 100, daga 1949 zuwa 1971 ma yen 360 ne cif a dala ɗaya, kuma a cikin waɗannan shekarun ne Japan ɗin ta tashi daga tokar yaƙi ta zama ɗaya daga cikin manyan masu arzikin duniya. Sannan ga dinarin Kuwait da ya haura dala 3, babu kuma wanda zai ce maka Kuwait ta fi Amurka ko Japan ƙarfin tattalin arziki.

To me ya sa tun farko aka yanka fam da girma haka? Saboda asalinsa nauyi ne. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 8, zamanin wani sarki Offa na yankin Mercia a Ingila, ake buga kwabban azurfa, a ɗauki azurfa mai nauyin laba ɗaya a fitar da kwabo 240 daga cikinta. Wannan tulin azurfar shi ne fam. Shi ya sa lissafin nasu ya zo a karkace, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, kuma haka suka yi ta fama da shi har sai ranar 15 ga Fabrairu 1971 da suka koma kwabo 100 a fam ɗaya. Alamar nan ta £ da kake gani harafin L ne aka yi wa ado, daga kalmar Latin libra mai nufin ma'aunin nauyi. Kaga kenan fam tun haihuwarsa babban kuɗi ne, a da can talaka sai ya daɗe bai riƙe fam guda a hannunsa ba.

Ita kuwa dala ƙwandala ɗaya ce tak ta azurfa. Sunan ma ba na Amurkawa ba ne, ya samo asali ne daga tala, wata ƙwandalar azurfa da aka fara bugawa wajen 1520 a kwarin Joachimsthal da ke ƙasar Czech ta yanzu. Lokacin da Amurka take ƙarƙashin mulkin Ingila kuɗin Ingila ba ya isarsu, sai suka saba da ƙwandalar Sifen wadda ake haƙo azurfarta a Meziko da Kudancin Amurka, ita suke kira dala. Da suka samu 'yanci suka yi dokar buga kuɗi a 1792 sai kawai suka kwaikwayi nauyin waccan ƙwandalar, azurfa giram 24 da ɗan ɗoriya. Kuɗin Sifen ɗin ma bai daina zama halastaccen kuɗi a Amurka ba sai 1857.

Da ƙasashen biyu suka jingina kuɗinsu da zinare sai canjin ya zama lissafin 'yan firamare. Ƙwandalar fam ta zinare da Ingila ta fara bugawa a 1817 tana ɗauke da tataccen zinare giram 7.32, dala kuma tun gyaran da aka yi mata a 1834 da 1837 ta tsaya a giram 1.505. Ka raba wancan da wannan zaka samu 4.86. Shi ke nan, fam ɗaya dala 4.86, ba wani ɗan canji da ya yanka, sikeli ne ya yanka. Kuma ba ya motsi sosai, sabida in fam ya yi tsada a New York fiye da kima ɗan kasuwa zai ce to bari in sayi zinaren kawai in loda a jirgin ruwa in aika Landan, dan haka canjin ba ya wuce kuɗin jirgi da inshora, 'yan santi kaɗan sama ko ƙasa. A 1866 aka shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin tekun Atlantika wadda ta ɗore, ta nan ake aika farashin tsakanin Landan da New York, har yau ɗin nan manyan 'yan canjin duniya in za su ambaci canjin fam da dala kebul suke cewa, wato sunan waccan wayar da Turanci.

Yanzu ga abin da nake so ka kai wa abokinka. Fam ɗin da yake dala 4.86 a zamanin kakanni, a 'yan shekarun nan galibi tsakanin dala 1.20 da 1.40 yake yawo. Wato ya zubar da kusan kashi uku cikin huɗu na darajarsa a gaban dala. In kana son sanin wa ke gaba, inda kuɗi ya fito da inda ya dosa zaka duba, lambar yau ita kaɗai ba za ta gaya maka komai ba.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗaliba ce ina karanta tattalin arziki aji biyu. Malaminmu ya ce akwai lokacin da fam ɗaya yake kusan dala biyar amma bai yi bayani ba ya wuce. Dan Allah me ya jawo ya faɗo haka, rana ɗaya ne ko a hankali?

AMSA: 'Yar'uwa Allah ya ba da sa'ar karatu. Malaminku ya yi gaskiya, a 1934 ma fam ya ɗan haura dala 5. Faɗuwar kuwa hawa-hawa ta zo, kamar mai sauka daga bene, kowane mataki da ranarsa da sunan wanda abin ya faɗa a kansa, kuma in kika bi su ɗaya bayan ɗaya zaki ga yaƙi da bashi ne suka fi cin fam.

Kafin 1914 Landan ce bankin duniya. Ɗan kasuwa a Ajantina zai sayar wa ɗan Jamus kaya amma da fam za a rubuta takardar biya, a Landan kuma za a warware ta. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, Birtaniya ta sayar da kadarorin da take da su a Amurka ta kuma ciwo bashi dan sayen makamai da abinci, kafin a gama yaƙin Amurka da aka sani da cin bashi ta koma mai ba da bashi. A lokacin yaƙin an riƙe fam a wajen dala 4.76 da ƙarfin rance, da aka sake shi a 1919 sai ya gangara har ƙasa da dala 3.50 a farkon 1920.

Nan ne aka yi kuskuren da ni a ganina ya fi kowanne ban tausayi. A watan Afrilu 1925 Winston Churchill yana ministan kuɗi ya mayar da fam kan zinare a tsohon farashin nan na 4.86, dan a nuna wa duniya Ingila tana nan yadda aka san ta. Masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya fito ya ce an ɗora fam sama da inda ya dace da kusan kashi 10 cikin 100, kuma talaka ne zai biya. Haka kuwa aka yi, kayan Ingila suka yi wa 'yan waje tsada, masu ma'adinan kwal suka ce sai dai a rage albashi a ƙara awannin aiki, a watan Mayu 1926 ƙasar ta shiga yajin aikin gama-gari na kwana 9, su masu haƙar kwal ɗin kuwa sun yi watanni suna yunwa kafin su koma. Kinga lamba ce a takarda, amma a cikin gidajen leburori aka ji zafinta. Girman kai rawanin tsiya in ji masu magana, kuma duk da wannan wahalar abin bai ɗore ba, da tattalin arzikin duniya ya rushe bankuna suka fara faɗuwa a Ostiriya da Jamus a 1931, kowa ya ruga Landan yana neman zinarensa, ranar 21 ga Satumba 1931 Birtaniya ta saki zinare, cikin 'yan watanni fam ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Hawan da ya yi sama da dala 5 daga baya ba ƙarfinsa ba ne, Shugaba Roosevelt na Amurka ne ya karya darajar tasa dalar a Janairu 1934, ya mayar da farashin oza ɗaya ta zinare, ma'aunin da ake auna shi da shi, daga dala 20.67 zuwa dala 35.

Yaƙi na Biyu shi ya ƙarasa aikin. An kafe fam a dala 4.03 tun farkon yaƙin. A watan Yuli 1944 ƙasashe 44 suka taru a Bretton Woods a jihar New Hampshire dan tsara yadda kuɗin duniya zai kasance bayan yaƙi, Keynes ya je a madadin Birtaniya da shawarar a ƙirƙiro wani kuɗin duniya da ba na kowa ba, Harry Dexter White na Amurka ya ce a'a, kuma tunda kusan kashi biyu cikin uku na zinaren gwamnatocin duniya yana hannun Amurka maganarsa ce ta zauna. Aka ce dala ta jingina da zinare a 35, sauran kuɗaɗe su jingina da dala. A wannan taron aka haifi asusun ba da lamuni na duniya wato IMF da kuma Bankin Duniya. Daga ranar an san waye sarki.

Yaƙi na ƙarewa Amurka ta yanke tallafin kayan da take ba Birtaniya, dole aka koma neman rance, aka samu dala biliyan 3.75 da ruwa kashi 2 cikin 100, amma da sharaɗin duk mai riƙe da fam a waje a ba shi damar ya canza shi zuwa dala. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Aka buɗe ƙofar ranar 15 ga Yuli 1947, mutane suka yi ta tururuwa suna zubar da fam suna kwasar dala, ranar 20 ga Agusta aka rufe, sati biyar kacal. Wannan bashin sai a Disamba 2006 Birtaniya ta gama biyansa, ki lissafa shekarun. Ranar 18 ga Satumba 1949 ministan kuɗin Birtaniya Stafford Cripps ya sanar da karya fam daga 4.03 zuwa 2.80, sama da kashi 30 cikin 100 a dare ɗaya, kuma ƙasashe da yawa da kuɗinsu ke ɗaure da fam suka bi shi ƙasa ba tare da an yi shawara da talakawansu ba.

Akwai abin da ya faru a 1956 da nake so ɗalibai su riƙe. Shugaban Masar Gamal Abdel Nasser ya ƙwace mashigin Suwez ya mayar da shi na Masar, Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka kai hari, Shugaba Eisenhower na Amurka bai yarda da harin ba. Bai tura soja ko ɗaya ba, fam ne ya shiga matsi asusun Birtaniya yana tsiyaya, Amurka ta ƙi bari a ba Birtaniya rancen IMF sai ta janye sojojinta. Ta kuwa janye, firaminista Anthony Eden ya sauka a Janairu 1957. Ƙasar da ta mulki kusan rubu'in duniya aka tanƙwara ta ta hanyar kuɗinta.

Sauran matakan bari in bi su da ɗan sauri. Ranar 18 ga Nuwamba 1967 gwamnatin Harold Wilson ta sauke fam zuwa 2.40 bayan shekara uku tana rantsuwar ba za ta yi ba, Wilson ya fito a talabijin yana cewa fam ɗin da ke aljihun mutum bai ragu ba, mutane kuwa ba su yafe masa wannan maganar ba dan sun ga kayan waje sun tashi. A Yuni 1972 aka saki fam kasuwa ta yanka masa farashi. A 1975 hauhawar farashi a Birtaniya ta haura kashi 24 cikin 100, a 1976 fam ya faɗo ƙasa da dala 2 karon farko, kafin ƙarshen shekara ya kusa 1.55, ministan kuɗi Denis Healey ya je IMF neman dala biliyan 3.9, rancen da ya fi kowanne girma da aka taɓa nema a wurin har zuwa lokacin, aka kuma gindaya masu sharaɗin rage kashe kuɗi kamar yadda ake gindaya wa kowa. Man fetur ɗin Tekun Arewa da tsadar kuɗin ruwa suka ɗaga shi zuwa wajen 2.40 a 1980, sai kuma Paul Volcker na babban bankin Amurka ya kai kuɗin ruwa kusan kashi 20 dan kashe hauhawar farashi, kuɗin duniya ya kwarara Amurka, a Fabrairu 1985 fam ya sauko wajen dala 1.05. Dalar ta yi tsadar da su Amurkawan da kansu suka ji a jikinsu, shi ya sa a Satumba 1985 suka kira Japan da Jamus ta Yamma da Faransa da Birtaniya otal ɗin Plaza a New York aka yi yarjejeniyar a sauko da ita.

Sai Baƙar Laraba, 16 ga Satumba 1992. Birtaniya ta ɗaure fam da kuɗin Jamus na lokacin mai suna mak tun Oktoba 1990 a kan mak 2.95, 'yan kasuwa suka ga ba za ta iya riƙewa ba suka yi ta sayar da fam, a yini ɗaya gwamnatin John Major ta ɗaga kuɗin ruwa daga 10 zuwa 12 ta kuma sanar da 15, duk a banza, da yamma ministan kuɗi Norman Lamont ya fito ya ce sun fita daga tsarin. Wani babban ɗan kasuwar kuɗi George Soros shi kaɗai ya ci ribar kusan dala biliyan 1. Fam da yake wajen dala 2 a farkon watan ya dawo wajen 1.50 kafin shekara ta ƙare. Ya sake leƙa 2.11 a Nuwamba 2007, rikicin bankuna ya dawo da shi ƙasa da 1.40 a farkon 2009, daren ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a Yuni 2016 ya faɗo daga wajen 1.50 zuwa wajen 1.33 kafin gari ya waye. Mafi ƙasa a tarihi kuwa shi ne 26 ga Satumba 2022, wajen dala 1.03, kwana uku bayan ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya sanar da rage haraji na fam biliyan 45 ba tare da ya faɗi inda za a cike giɓin ba. Shi aka sallame shi, Liz Truss da ta naɗa shi kwana 49 ta yi a kujerar firaminista.

In za ki rubuta wannan a jarabawa ki lura da abu ɗaya da ya yi ta maimaituwa a 1931 da 1949 da 1967 da 1992, gwamnati ta kafe a kan wata lamba tana ƙona asusunta dan kare ta, ƙarshe ta saki bayan an riga an yi asarar.

TAMBAYA: Malam ance a da duk takardar kuɗi akwai zinare a bayanta yanzu kuma babu, to ashe takardar banza muke riƙewa kenan? Kuma tunda fam ya faɗi haka ita ma dala ranarta na zuwa ko?

AMSA: Ƙanina rabin maganarka gaskiya ce. Yau ba fam ba dala, babu wanda zaka kai babban banki a ba ka zinare. Na fam ya ƙare tun 1931 kamar yadda na faɗa a sama. Na dala kuwa, talakan Amurka an raba shi da wannan damar tun 1933, sai gwamnatocin waje kawai aka bari suna kai dala 35 su karɓi oza ɗaya. A shekarun 1960 Amurka ta yi ta kashe kuɗi a yaƙin Biyetnam da shirye-shiryen cikin gida, dalar da ke yawo a waje ta fi zinaren da ke rumbu yawa, Faransa ta zamanin de Gaulle ta fara kai takarda tana kwaso zinare, wasu ma suka bi. Ranar 15 ga Agusta 1971 Shugaba Nixon ya fito a talabijin ya ce an dakatar da bayarwa, wai na ɗan lokaci, har yau ba a dawo ba. An gwada ɗinke tsarin na Bretton Woods a Disamba 1971, zuwa Maris 1973 ya watse gaba ɗaya.

Amma kalmar banza ɗin nan ban yarda da ita ba. Abin da ke riƙe takardar shi ne gwamnati da ita take karɓar haraji, kotu da ita take yanke biyan bashi, akwai kaya da aikin da za a saya da ita, sannan mutane sun yarda babban banki ba zai buga ta barkatai ba. Wannan na ƙarshen shi ne mai saurin karyewa, shi ya sa a 1997 Birtaniya ta cire ikon yanka kuɗin ruwa daga hannun 'yan siyasa ta miƙa wa Bankin Ingila. Masu kewar zamanin zinare kuma su tuna da masu haƙar kwal na 1926, zinare yana hana gwamnati wasa da kuɗi, gaskiya ne, amma in matsi ya zo ba ya barin a sassauta wa kowa, albashi da aikin yi ne ke ɗaukar dukan. Kuma ko a wancan zamanin in yaƙi ya zo ajiye zinaren ake yi. Ita kanta dalar ta taɓa shiga wannan halin, lokacin yaƙin basasar Amurka gwamnatin Lincoln ta buga takardun da ake kira masu koren baya a 1862 ba zinare a bayansu, a 1864 sai da fam ɗaya ya kusa dala 10 na wannan takardar, ba su koma kan zinare ba sai 1879.

Maganar ko ranar dala na zuwa, gaibu sai Allah, amma ga abin da tarihin fam ya nuna min. Amurka ta wuce Birtaniya a arziki shekaru da dama kafin dala ta karɓi kujerar, sai da aka yi yaƙin duniya biyu Birtaniya ta tsiyace tukuna, kuma lokacin akwai magaji a tsaye da zinarensa da masana'antunsa da kasuwar da kowa zai iya shiga ya fita. A 2024 dala tana riƙe da kusan kashi 58 cikin 100 na ajiyar kuɗin waje na manyan bankunan duniya, ta ragu dan a farkon shekarun 2000 ta haura 70, fam kuwa yana wajen kashi 5. A cinikin canji na duniya na 2022 kusan kashi 88 cikin 100 akwai dala a gefe ɗaya. Yuro yana nan amma ba gwamnati ɗaya ke bayansa ba, kuɗin Sin kuma har yanzu gwamnatinsu ba ta bari a fita da shi yadda aka ga dama, mai ajiya kuwa ba ya son ɗakin da zai shiga a kulle ƙofa. Ni abin da nake ganin zai iya cin dala shi ne abin da ya ci fam, bashin da ya yi yawa da kuma ranar da masu ajiya suka fara shakkar maganar mai kuɗin. Kuma ka sani fam da ya sauka daga sarautar bai mutu ba, har gobe Landan ce babbar kasuwar canji ta duniya, sama da kashi ɗaya cikin uku na cinikin a can ake yinsa, kuma mafi yawansa cinikin dala ne.

TAMBAYA: Malam mun samu tsofaffin takardun fam da na dala da wasu sulalla a akwatin mahaifinmu Allah ya jiƙansa, suna da amfani ko mu zubar?

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Kar ku zubar ko ɗaya. Duk takardar dala da gwamnatin Amurka ta fitar tun daga 1861 har yau halastacciya ce a kan adadin da aka rubuta a jikinta, ko da ɗan canji ya ƙi karɓa ko ya ce sai ya rage. Na fam kuwa in na Bankin Ingila ne, ko an daina karɓarsu a kanti, kamar fam 20 da fam 50 na takarda da aka janye ranar 30 ga Satumba 2022 aka koma na roba, bankin da kansa yana canza su ba tare da wa'adi ba, har ta gidan waya ana aika masa. Ku duba sunan bankin da ke jikin takardar da kyau, dan ƙasashe da yawa sun yi kuɗi mai suna fam kuma wannan alƙawarin bai shafe su ba. Sulallan kuwa in na kafin 1971 ne ba a kashe su yanzu, sai dai ku duba shekarar, sulen Ingila da aka buga kafin 1920 kusan zallar azurfa ne, daga 1920 zuwa 1946 rabi azurfa ne, daga 1947 babu azurfa ko kaɗan. Kar ku goge su ko ku wanke da wani magani dan su yi ƙyalli, masu tara tsofaffin kuɗi sun fi biya in an bar su yadda suke. Kuma tunda kayan gado ne a sa su cikin lissafi kafin a raba.